Sunan da Ya Maƙale Min a Wuya

Dillalin da ya kai ni Turai ya rantse min cewa babban birni za mu, kulob mai filin da zai ci rabin mutanen Jimeta. Babban birnin dai na gan shi, ta tagar tasi. Kwana biyu muka yi a wani masauki kusa da tashar jirgin ƙasa, a na uku ya saka ni a jirgi, ya damƙa min takarda mai sunan wani gari da ko furta shi ban iya ba, ya ce in yi gaba, zai biyo ni da yamma. Har yau da nake wannan rubutu yammar ba ta yi ba.

Sunana Usmanu, amma a fili Manu ake ce min, kuma gola ne ni. A cikin Yola aka haife ni, a Jimeta na koyi kama ƙwallo, a wani fili na Karewa da rabinsa yashi ne rabinsa tsakuwa, shi ya sa har gobe gwiwoyina ba su da kyan gani. Na bar gida ne a shekarun da mutanen Mubi da Michika suka kwararo mana suna gudun rikici, wasu a mota, wasu a ƙafa. Gidanmu ya cika har zaure. Yayan babana, Bappa Sa'idu, ya iso daga Mubi ba shi da komai sai buta da rigar jikinsa. Ko yanzu da na rubuta sunansa sai da na ji wani iri, don a gidanmu ba a kiran babba da suna. A irin wannan gida in aka ce ɗa guda ya samu hanyar Turai, to kowa zai ɗora masa nasa burin ya tafi da shi.

Garin da jirgin ya sauke ni ƙarami ne, a ganina bai fi Girei ba, ga wata masana'antar sukari da ta daɗe da mutuwa, ga kogi a gefe. Na nemi ofishin kulob ɗin da takardata a hannu, ina rawar sanyi cikin wata jaket da na saya a gwanjon kasuwar Jimeta, wadda mai ita ya tabbatar min ko ƙanƙara ba ta ratsa ta. Ƙarya yake yi, Allah ya yafe masa. Koci ya dube ni sama da ƙasa. Ashe dillali ya gaya musu kaina na taɓa sandar raga ta sama. Ya yi wata magana da yarensu, duk waɗanda ke wurin suka kwashe da dariya, ban da mutum ɗaya.

Mutumin nan shi ne Dragan, kyaftin ɗin kulob, ɗan baya na tsakiya, dogo mai faɗin ƙirji, furfura ta fara fito masa a gemu. Shi ya sa baki aka bar ni in gwada sati biyu. Shi ya tuɓe babbar rigar sanyinsa ya yafa min, bai sake tambayarta ba. Da ya lura kwana uku ke nan burodi da shayi kawai nake ci saboda tsoron naman alade, sai ya ɗauke ni a motarsa muka haye kogi, ya kai ni wurin wani mahauci Musulmi, ya nuna ni ya ce masa, "Wannan nawa ne." Tun ranar a zuciyata Hamma nake ce masa, yadda muke kiran yaya a gida. A baki kuwa Kyaftin, kuma in zan faɗa sai na sunkuyar da kai.

Shekara biyu na yi ina gola na biyu. Na san kowace ƙusa da ke jikin bencin nan. Wasa sai dai a tawagar matasa, can kuwa bakina ba ya rufuwa, don duk sa'o'ina ne ko ƙannena, in na ga dama har zagi nake yi da Fulatanci, ba mai ji. Sanyi ya dame ni, amma shirun garin ya fi damuna. Ba kiran salla, ba hon ɗin keke, ba wanda zai tare ka a hanya ya yi ta gaishe ka har ka makara. Ranar Lahadi in na zauna a ɗaki na tuna ƙamshin kifin da ake soyawa a bakin gada, wallahi kuka nake yi, ƙato da ni.

A farkon shekara ta uku golan kulob ya samu wani wuri ya tafi. Koci ya kira ni ofis, ya ajiye riga mai lamba ɗaya a kan tebur ya ce tawa ce, in dai zan iya riƙe ta. Jaridar garin ta buga hotona. Mahaucin nan ya ƙara min tsoka. Wata tsohuwa da shekara biyu muna haɗuwa a bene ba ta taɓa amsa gaisuwata ba, ta tsayar da ni ta yi min nuni da hannu cewa kada in bari a ci mu.

Na gida kuwa sai abin da ya ƙaru. Chinedu ne ya fara kirana, abokina tun firamare. Babansa na da shagon kayan gyaran mota a kasuwar Jimeta, shi kuma ya buɗe gidan kallon ƙwallo a Karewa.

"Manu! Lamba wan! Abeg ka ji abin da na yi. Na buga hotonka babba, na rataye a ƙofa. Kowane Asabar zan nuna wasanka. Ka san mutane suna tsoron taro yanzu, sai an caje kowa kafin ya shiga, amma saboda kai za su zo. Har Bappanka ya ce a ajiye masa kujera. Kada ka ba ni kunya o."

Baba kuwa tsohon ma'aikacin gona ne, bai san bambancin gola da alƙalin wasa ba. Kuma ni ne ɗansa na fari, don haka tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "babban nan". Da na gaya masa, ya ce, "Madalla. Ka riƙe salla. Na ji an ce akwai manya a cikinsu. Kada ka kuskura ka ɗaga wa na gaba da kai murya, a ce ba a ba ka tarbiyya ba."

Na ce, "To, Baba."

Washegari a filin atisaye koci ya ja ni gefe, da Turancinsa da bai fi nawa ba, ya yi min bayanin aikin. Ya ce kama ƙwallo rabin aikin gola ne. Sauran rabin baki ne. 'Yan baya ƙwallo suke kallo, ba sa ganin abin da ke bayansu, ni kaɗai nake ganin fili gaba ɗaya. In ce wa wannan ya matsa hagu, in ce wa wancan ya fita, in kuma ƙwallon sama tawa ce, in ƙwala wa na gabana kira da sunansa ya ba ni wuri. Ya ce suna kawai, da ƙarfi, don a cikin hayaniya kunnen mutum sunansa kaɗai yake tsinta.

Na juya na dubi 'yan bayan nawa su huɗu. Ƙaraminsu ya ba ni shekara bakwai. Dragan kuwa shekararsa talatin da shida, kuma kowa ya san wannan ce kakarsa ta ƙarshe, yana so ya ajiye takalmi kulob ɗin bai faɗi ƙasa ba. Wai shi zan tsaya a gaban jama'a in daka wa tsawa da gatsal ɗin sunansa, mutumin da rigarsa ke jikina.

Wanda bai tashi a gida irin namu ba zai ce wauta ce. Ni ma a kaina na san wauta ce. Amma abin ba a kai yake ba, a maƙogwaro yake. Tun ina rarrafe aka koya min in babba na magana in dubi ƙasa, in zan wuce shi in rage tsawo, in zan kira shi in nemo masa wani suna na girmamawa. Sai na ƙirƙiro tawa dabarar. In na ga haɗari sai in ce, "Kyaftin, hagu, don Allah," da murya daidai ta mai neman a miƙo masa gishiri. Kafin in kai "don Allah" an wuce shi.

Wasa huɗu muka yi a haka. Na kama ƙwallayen da ni kaina na yi mamaki, amma an ci mu uku waɗanda da na buɗe baki ba za su shiga ba. Koci ya yi ta dukan allo a ɗakin canza kaya. Dragan da kansa ya dafa kafaɗata ya ce, "Manu, a cikin fili ba ni da shekaru. Ka yi min ihu." Na ce to, ina kallon takalminsa.

Wasa na biyar a gida ne, da rana, ana yayyafi. Saura kaɗan a tashi, ba wanda ya ci. Abokan karawarmu suka samu bugun kwana. Tun ƙwallon na barin ƙafar mai bugu na san tawa ce. Na fito da gudu. Dragan na gabana yana ja da baya, idonsa a sama, bai san na taho ba. Abin da ake bukata kalma biyu ne, sunansa da "bari". Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Sunan ya zo nan ya tsaya kamar ƙashin kifi. Abin da ya fito shi ne "Kyaftin", shi ma a hankali.

Muka haɗu a sama, ni da dukkan nauyina a bayansa. Ya sauko a kan ƙafa ɗaya, gwiwar ta juya inda ba ta juyawa. Na ji ƙarar, duk da ihun 'yan kallo. Ƙwallon ta kuɓuce min ta gangara cikin raga a hankali, ban ma bi ta da ido ba, don ina kallon mutumin da ya kai ni wurin mahauci yana cizon ciyawa.

Ban kai ga tuɓe safar hannu ba Chinedu ya kira.

"Manu, me ya same ka? Kai da a Karewa bakinka ba ya hutawa? Mun gani a talabijin, ba ka yi magana ba! Mutane sun tashi suna tsaki, wani ya yaga hotonka ta gefe. Bappanka ne kawai ya zauna har ƙarshe, yana tambaya ko mutumin ya mutu."

Na kashe wayar. Chinedu ba zai gane ba, ko da yake a gari ɗaya muka girma.

Aka mayar da ni benci, aka saka wani yaro ɗan garin. Tsohuwar bene ta koma ba ta amsa gaisuwa. A kan titi wani ya tofa yawu kusa da ƙafata. Ban ji haushinsa ba, da ni ne shi da na yi fiye da haka. Bayan sati uku yaron nan ya samu jan kati, koci ya kira ni, ko kujera bai nuna min ba. Ya ce ranar Asabar ni zan tsaya, don ba shi da wani. In ya ji shiru daga ragata ko sau ɗaya, in haɗa kayana kafin hutun sanyi. Na fito ina hango kaina ina sauka a Jimeta da jaka ɗaya, in wuce hotona da aka yaga, in shiga gidan da kowa ya sa min ido.

Sai a ranar na samu ƙarfin halin zuwa asibiti. Dragan na kwance, an ɗaure ƙafar tun daga cinya. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda ake yi a gida in an yi wa babba laifi, na fara ba shi haƙuri.

Ya ce, "Tashi. Dube ni."

Na tashi, na dubi gadon.

"Ni, ba gado ba. Mene ne sunana?"

Na ce, "Kyaftin."

Ya ɗauki lemon da ke gefensa ya jefe ni da shi, ya same ni a ƙirji. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce shekara ashirin yana wasa, an mare shi, an zage shi, an taka shi da gangan, bai taɓa kwanciya a gadon asibiti ba. Ya ce, "Maƙiyana ba su karya ni ba. Ladabinka ne ya karya ni. Likita ya ce na gama."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Kuma abin kunyar, ko a lokacin da ya sake cewa in faɗi sunansa, kasawa na yi. Na tsinci lemon na ajiye masa a kan tebur, na fita.

A bakin kogi na zauna na kira Baba. Na san a lokacin ya dawo daga La'asar yana zaure. Ban taɓa kai masa kuka ba tun da na girma, amma ranar na zayyana masa komai, aikin gola, maganar koci, sunan da ya ƙi fita, gwiwar mutumin. Na ce, "Baba, kai ka ce kada in ɗaga murya. Na bi maganarka, ga abin da ta jawo." Wannan ma rashin kunya ce, na sani, amma zuciyata ta riga ta cika.

Ta cikin wayar ina jin kukan awaki da muryar mai tallan nono daga nesa.

Sannan ya ce, "Ka san yadda na samo Bappanka?"

Na ce a'a. Abin da na sani kawai, wata rana sun shigo gida tare.

Ya ce, "Kwana uku ina fita neman sa, tun da aka ce Mubi ta watse. Wayarsa ba ta shiga. A na uku ina tsaye a bakin titi wajen Sangere, mutane ko'ina, mata da yara, kowa ƙafa a kumbure. Aka kawo wata babbar mota ana kwasar mutane, ban san inda za a kai su ba. Sai na hango ƙeyarsa, an riga an tura shi ciki. Na ce, Hamma! Hamma! Mutum ya fi goma suka waiwayo, ban da shi. Kowa a wurin Hamman wani ne. Direba ya ta da mota."

Na ji yana gyara murya.

"Shekarata sittin da ɗoriya ban taɓa faɗin sunansa ba, ko a bayan idonsa. Ranar na faɗa. Na ƙwala shi har sojan da ke wurin ya juyo da bindiga. Shi ne ya waiwayo, ya buga jikin mota aka tsaya. Har yau bai ce min komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Da na yi masa ladabi ranar, da ban san inda yake ba yanzu."

Na ƙara manna wayar a kunne.

Ya ce, "Ni da na yi maka magana, ban san aikin naka na tsare mutane ba ne. Ka ji ko, Usmanu?"

Na cire wayar daga kunne na dube ta. Shekara ashirin da huɗu ina duniya, ban san yadda sunana yake a bakinsa ba sai ranar. Kafin in ce wani abu ya ce ana jiran sa, ya kashe. Na san ba wanda ke jiran sa, kunya ce ta kama shi.

Ranar Asabar filin bai cika ba, waɗanda suka zo ma da na fito sai suka yi min ihun tsiya. Wanda ya maye gurbin Dragan sunansa Zoran, shi ma ya ba ni shekara tara, ga sanƙo ga tabo a goshi. Dragan kuwa ya sa an kawo shi, yana zaune a ƙarshen benci da sandunansa biyu, ko inda nake bai kalla ba.

Minti goma da farawa suka samu kwana, daga gefen da aka bugo wancan karon. Ƙwallon ta taso, tawa ce. Na fito. Zoran na ja da baya, idonsa a sama. Na ji abin ya zo wuyana ya tsaya, kamar wancan karon. Sai na hango babana a zuciyata, dattijo mai sanyin murya, tsaye a bakin titin Sangere motar tana shirin tafiya.

"Zoran! Bari!"

Ni kaina na firgita da muryar. Mutumin ya duƙa kamar an jefe shi, ƙwallon ta faɗo hannuna, na rungume ta na kwanta a kai fiye da yadda ya kamata, don kada a ga fuskata. Da na tashi, shi ke nan, bakin ya buɗe. Na kira su ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa, na tura wannan, na janyo wancan, har wanda bai yi laifi ba ya samu rabonsa. Duk kiran da na yi sai na ji kamar na taka wa wani dattijo tabarma da takalmi, amma na ci gaba. Aka tashi ba a ci mu ba, mu ma ba mu ci ba. Koci bai yabe ni ba. Ya dai ce in zo atisaye ranar Litinin, rigar kuma bai karɓa ba.

Na je wurin Dragan a ƙarshen benci. Muryata ta dishe, da ƙyar take fita. Ƙafafuna suka so su durƙusa, na hana su. Na dube shi cikin ido na ce, "Dragan, ka yafe min."

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗaga sanda ɗaya ya ɗan buga min a ƙwauri ya ce, "Da sati huɗu da suka wuce ka faɗa."

Bai sake taka fili ba. Kulob ɗin bai faɗi ba a kakar, kuma na riƙe rigar shekara uku, amma duk ranar wasa ina hango shi a cikin 'yan kallo yana hawa matakala ɗaya ɗaya, yana jan ƙafar. Rigar sanyinsa tana nan a wurina a Yola, inda ba ta da wani amfani.

A waccan Asabar ɗin, da na fita daga fili na kira gida. Chinedu ya riga ya kai labari, ya ce ya liƙe hoton da salatif. Aka miƙa wa Baba waya, na gaishe shi da ragowar muryata, ina ta sauraro ko zai sake faɗa.

Ya ce, "Kai ne? Me ya sami muryar taka?"

Na ce, "Aiki ne, Baba."

Ya ce, "To, ka sha ruwan ɗumi."

Har yau bai sake kiran sunana ba.